Yadda na haɗa man gyaɗa da sitiyarin da enzayim, da abun da wuta ta nuna min

Furojet ɗina na mastas akan man girki nayi shi anan Bauchi, kuma tambayar da Dakta, malamin da ke duba aikina, ya ɗora min gajeriya ce: za'a iya ɗaukar man gyaɗa da ɓangaren man ja mai daskarewa, wato sitiyarin, a maida su mai ɗaya mai laushi, irin wanda masu biredi da kek suke saye a bokiti, ba tare da anbi tsohuwar hanyar nan mai haifar da kitsen tirans ba? In kuma anyi, zai jure wuta? Rabin farko na tambayar bai wani bani wahala ba. Rabi na biyun ne ya cinye min lokaci, shi yasa ma nake so in bada labarin tun daga farko saboda ƙannenmu masu shirin shiga irin wannan aikin.

Tsohuwar hanyar ita ce a hura iskar haidirojin cikin mai mai ruwa-ruwa, da ƙarfen nikel yana ingiza aikin, har man ya daskare. Wani Bajamushe Wilhelm Normann ne yayi rajistar fasahar a 1902, zuwa 1911 har man Crisco da akayi ta wannan hanyar ya shiga kasuwa a Amurka. Matsalar ita ce in ba'a kai aikin ƙarshe ba, an tsaya a tsakiya don a samu laushi, sai a samu kitsen tirans, shi kuma yana ɗaga mugun kolestarol a jini ya kuma sauke mai kyan, duka biyun a lokaci ɗaya. Denmak ce ta fara saka masa doka a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin REPLACE a 2018 na a kawar dashi daga abinci gaba ɗaya, mu ma nan dokar mai ta NAFDAC ta 2022 ta kayyade kada ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai. Toh amma mai gidan biredi a Yelwa ko Wunti ba ruwan shi da wannan tarihin, shi dai mai yake so wanda zai kama kwaɓi ya kuma zauna a sito bai tsiyaye ba. Dole a sama masa madadi.

Ga yadda enzayim, wato sinadarin halitta mai hanzarta aiki, yake shigowa. Kowane ƙwayar mai kamar benci ne mai mazauni uku, gilisarol shine bencin, asid uku na kitse suna zaune a kai. A sitiyarin, wato ɓangaren man ja da yake daskarewa in an sanyaya shi aka tace, benci da yawa asid ɗin falmitik ne zaune a duka mazaunin ukun, irin wannan sai wajen digiri 66 yake narkewa. A man gyaɗa kuma oleyik da linoleyik ne suka fi yawa, shi yasa yake ruwa. In ka zuba su wuri ɗaya ka juya kawai, kowa yana kan bencin shi, babu abun da ya canza. Enzayim ɗin laifes shi yake tada su yana sauya masu mazauni. Wanda nayi aiki dashi Lipozyme TL IM ne na kamfanin Novozymes na Denmak, daga wani naman gwari ake samo shi mai suna Thermomyces lanuginosus, an manna shi a jikin ƙwayoyin silika, kuma yafi taɓa mazauni na 1 da na 3, na tsakiyar yakan barshi. Babu haidirojin, babu nikel, zafin ma digiri 70 ne kawai, don haka tirans baya samun hanyar fitowa. Ba sabon abu bane a duniya, tun 2005 kamfanin ADM da Novozymes suka samu lambar yabo ta gwamnatin Amurka akan wannan hanyar.

Samun kaya. Sitiyarin ta hannun wani ɗan kasuwa mai kawo mai daga matatun kudu na samu, na nanata masa cewa na ci nake so ba na masu sabulu ba, don su ma suna saye kuma nasu ba lallai ya kasance mai tsafta ba. Fari ne ƙal, da tauri, sai ka sa cokali da ƙarfi kafin ka gutsura. Enzayim ɗin odar shi akayi ta Legas, ya iso a ƙaramar roba, ƙwayoyi ne ƙanana launin ƙasa-ƙasa mai haske, kuma a firij yake kwana. Duk sanda aka ɗauke wuta na daɗe sai in ruga in sayo ƙanƙara in saka shi a kula, don kuɗin shi ba na wasa bane.

Man gyaɗa kuwa dagewa nayi sai namu na gida, na matan da ke yin ƙuli. Dakta yace in sayi tatacce na kanti in huta, nace masa Malam ai in aikin nan zai amfani wani a Bauchi toh da man da muke dashi ne, yace toh ka shirya wanke shi. Na samu wata Hajiya a bayan kasuwar Muda Lawal da take matsa da kanta, na roƙe ta wanda ba'a soya ƙuli a ciki ba, na farkon matsa. Tace ɗana ai wanda aka soya ƙulin yafi ƙamshi, shi kowa ke nema. Gaskiyarta ta fannin miya, amma ni wanda bai ga wuta sosai ba nake buƙata, don man da ya riga ya sha suya ya fara lalacewa tun kafin in taɓa shi, kuma ferokzayid ɗin cikin shi, wato abun da ke taruwa in iska ta fara lalata mai, yana gajiyar da enzayim.

Wankin man shine aikin da ba wanda yake faɗa maka tsawon shi. Ɗanyen man gyaɗa yana da danƙo a ciki, in ka barshi zai lulluɓe ƙwayoyin enzayim ya toshe su. Sai na ɗumama man, na zuba ɗan ruwan sitirik asid da ruwan zafi kaɗan, na juya na barshi ya kwanta, danƙon ya taru a ƙasa kamar laka na tsiyaye na saman. Bayan haka ruwan soda mai rauni don ya kama asid ɗin da ya riga ya ɓalle, shi kuma sai ya koma sabulu, sabulun nan dole ka wanke shi da ruwan zafi ka sake wankewa har ruwan wankin ya daina nuna ruwan hoda in ka ɗiga masa sinadarin gwaji na finolftalin, saboda sabulu ma yana kashe enzayim ɗin. Daga nan sai busarwa, ka kai man sama da digiri 100 kaɗan da famfon zuƙe iska har ƙananan kumfa su daina tasowa.

Maganar ruwa nan ce zuciyar aikin gaba ɗaya. Laifes yana buƙatar ɗan danshi kafin yayi aiki, amma in ruwa yayi yawa sai ya tada asid daga mazauni ya ƙi maida shi, sai ka tashi da abun da a lab muke kira FFA, asid ɗin da ya ɓalle yake yawo shi kaɗai a cikin mai. Su kansu ƙwayoyin enzayim ɗin da ruwa a jikinsu suke zuwa daga kamfani. Malamin da ke kula da lab ɗinmu, dattijo ne ya daɗe a aikin, shi ya zaunar dani yace kafin ka zuba man gwajin ka, ka fara bi da wani man a kan enzayim ɗin a digiri 70 ka zubar, ka sake, ka dinga auna FFA har kaga ya sauko ya tsaya. Haka nayi. Zubin farko asid ɗin ya hau sosai, na bayan shi ya ragu, a hankali ya daidaita. Shi ne kuma ya hana ni amfani da ɗan maganaɗisun nan da ake jefawa a kwalba yana juyawa, yace zai niƙe silikar ta koma gari, tacewa ta gagara. Sai muka saka kwalaben a kwamin ruwan zafi mai girgiza.

Na haɗa kashi-kashi daban, sitiyarin 30 man gyaɗa 70, sai 40 da 60, sai rabi da rabi. Kowane haɗi na raba shi biyu, rabi na ajiye yadda yake don kwatance, rabi na zuba masa enzayim kashi 10 cikin 100 na nauyin man, digiri 70, awa 6 yana girgiza. In ka tsaya kana kallo ba abun da zaka gani, mai ne rawaya da ƙwayoyi suna yawo a ciki, ba kumfa ba canjin launi ba wari. Fargabar ita ce wuta, in aka ɗauke a tsakiya ruwan ya huce sitiyarin zai fara kamawa a jikin kwalba, don haka ranar gwaji sai mun tabbatar akwai mai a janareta kafin a fara. Tacewa ma a cikin obin mai ɗumi nake yi, mazurari da takarda da kwalba duka a ciki, in ba haka ba man zai daskare a wuyan mazurarin kafin rabi ya wuce.

Awon narkewa shine inda na fara ganin aikin da idona. Zaka ɗauki siririn bututun gilashi mai buɗe ta duka bakin biyu, ka tsoma a narkakken man har ya hau kamar santimita 1, ka manna shi da ƙanƙara ya kama, sai ka ajiye a digiri 10 na awa 16 don ƙwayoyin kitsen su zauna yadda ya kamata. Washegari ka ɗaure bututun a jikin tamomita da ƙyauro, gindin shi daidai da kan tamomitar, ka tsoma a bika mai ruwan sanyi ka fara ɗumamawa a hankali, digiri 1 a minti, in an kusa sai ka rage zuwa rabin digiri. Daga nan sai zuba ido. Farin ɗigon nan yana nan a ƙasan bututun kamar ba zai taɓa motsi ba, gefen shi ya fara yin haske, sannan kawai sai kaga ya zame yayi sama, a wannan sakan ɗin zaka karanta tamomita. In ka juya ka amsa sallama ya wuce ka sai ka jira wata awa 16. Haɗin 40 da 60 wanda ba'a sa masa enzayim ba sai da ruwa yayi zafin da hannu baya so, can sama da digiri 45, kafin ya motsa. Ɗan uwan shi da ya bi ta enzayim tun wajen 37 zuwa 39 ya tashi. Na maimaita, haka. Wlh ranar da ƙyar na iya zama, na ɗauki littafin na tafi ofishin Dakta da gudu-gudu.

Dalilin a fili yake, masu falmitik uku ɗin nan an wargaza su, yanzu mafi yawa falmitik ɗaya ko biyu ne tare da oleyik. Kuma wannan saukowar ita ake nema, don zafin jikin mutum digiri 37 ne, man da bai narke a nan ba shi ne yake manne maka a ganɗa bayan kaci kek. Na ɗanɗana duka biyun. Na kwatancen yana da tsaki-tsaki a harshe ya bar maiƙo a baki, na enzayim ɗin sumul, ya narke ya wuce. Na kuma zuba su a kofunan gilashi na ajiye a kan kanta lokacin zafin watan Maris zuwa Afrilu, wanda duk ɗan Bauchi ya san yadda ɗaki yake zama da rana. Na kwatancen ya rabu, mai rawaya yana iyo a sama farin yana ƙasa. Ɗayan yayi laushi sosai amma ya riƙe jikin shi. Haɗin 30 da 70 bai iya wannan zafin ba, ya koma kamar kunu, na rabi da rabi kuma yafi tauri fiye da yadda ake so a kwaɓi.

Da a nan na tsaya da labarin yayi daɗi. Sai aka zo gwajin wuta.

Na ɗora samfurin enzayim ɗin yadda ya fito daga tacewa, da tamomita a ciki, ina kallon saman shi da fitila ta gefe. Tun kafin ya kai zafin suya, wanda yake wajen digiri 180, siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fara tashi baya tsayawa. Na kwatancen ya wuce shi da nisa kafin yayi hayaƙi. Da na jefa yankan dankali kuma sai kumfa. Awon asid ya nuna abun da ke faruwa, FFA ya hau duk da shiryawar da nayi ma enzayim ɗin, kuma shi wannan asid ɗin yafi saurin tashi a wuta, kaɗan ɗin shi ya isa ya sauko da zafin hayaƙin mai. Tare dashi akwai ƙwayoyin da suka rasa asid ɗaya suka rage da biyu, su ke taimaka ma kumfa. A ma'aunin Codex, wato ƙa'idar abinci ta duniya, tataccen mai bai kamata asid ɗin shi ya wuce miligiram 0.6 na KOH a giram ba, nawa ya haura. A masana'anta wannan ba matsala bace, bayan enzayim suna bi da man ta tururi a sama da digiri 200 a cikin tukunyar da aka zuƙe ma iska, asid ɗin da wari su fice. Mu bamu da wannan, sai na koma ma ruwan soda da wanki da busarwa, mai ya ragu a hannuna amma hayaƙin ya koma can sama kusa da inda na kwatancen yake, kumfar ma ta lafa.

Sai gwajin ajiya. Ana zuba mai a buɗaɗɗen bika a saka a obin a digiri 60 zuwa 63, zafin yana hanzarta abun da iska zata yi masa a watanni, kai kuma kana ɗiba lokaci-lokaci kana auna ferokzayid. Giram 5 na mai, ka narkar a haɗin asetik asid da kulorofom kashi 3 da 2, ka zuba fotasiyam ayodayid ka girgiza minti 1, ka ƙara ruwa, sai sitaci, nan take ya koma shuɗi mai duhu, kai kuma kana ɗiga tayosalfet daga biret ɗigo-ɗigo har shuɗin ya ɓace. Don Allah duk mai yin wannan yayi a inda ake zuƙe tiririn sinadari ko aƙalla bakin taga, kulorofom ba abun shaƙa bane. Iyakar Codex ita ce 10 ga tataccen mai, 15 ga wanda aka matsa ba'a tace ba.

Man gyaɗa zalla shi ya fara haura iyakar, ba mamaki, linoleyik ɗin cikin shi yana lalacewa da iska sau goma ko fiye akan oleyik. Haɗin da ba enzayim shi yafi kowa daɗewa. Na enzayim ɗin da na sake wankewa yana tsakiya, yafi man gyaɗa nesa ba kusa ba, amma bai kamo ɗan uwan shi ba duk da asid ɗin kitsen cikinsu iri ɗaya ne sak. Wannan ya dame ni sosai, na daɗe ina juya shi. Bayanin da ya zauna min shine kowane ɗumamawa da wanki da soda yana tafiya da wani kaso na tokoferol, wato bitamin E da Allah ya saka a cikin man yana kare shi daga iska, shi kuma wannan samfurin ya bi ta wanki sau biyu ga awanni a digiri 70. Akwai kuma wani abu da ke ruɗa ɗalibai a gwajin suya, bayan an maimaita suya a digiri 180 sai kaga ferokzayid ya hau sannan ya sauko, ka ɗauka man ya gyaru. Bai gyaru ba, ferokzayid ɗin ne ya farfashe ya koma aldihayid, su ne wannan warin tsohon mai da maƙaƙin da yake kama maƙogwaro. Shi yasa ake haɗawa da awon anisidin mai nuna yawan aldihayid ɗin, a ninka ferokzayid sau 2 a tara dashi, sannan a san gaskiyar man.

Wannan ɓangaren yasa na daina kallon kaskon suya na bakin titi yadda nake kallo da. Ƙasashe da dama sun saka doka a zubar da mai in lalatattun sinadaran cikin shi sun kai wajen kashi 25 cikin 100, mu kuwa man da yayi baƙi yayi kauri sai a ƙara sabo a kai a cigaba. Ban ga laifin mai ƙosai ko mai awara ba, ta san kuɗin kwalba, ribar duka nawa take. Amma yaranmu ne ke ci kullum kafin makaranta, abun yana min ciwo.

Gyaran da na gwada daga gonakinmu ya fito. Man riɗi yana da sesamol da sesamolin, masu kare mai daga iska ne na asali, shi yasa yake daɗewa bai canza ba, riɗi kuwa Bauchi da Gombe da Jigawa ba'a gaya mana shi. Na zuba kaɗan a samfurin bayan wanki na ƙarshe, ba kafin ba, don kar soda ta sake kwashe shi. A obin ya jinkirta hawan ferokzayid a bayyane, laushin ma bai wani canza ba tunda kaɗan ne. Illar shi ƙamshi, na soyayyen riɗi yana fitowa a kek.

Na kai haɗin 40 da 60 wurin wani mai gidan biredi da muke mutunci, nace Alhaji a gwada min a ƙaramin kwaɓi. Ya lakata da yatsa ya murza ya shinshina, yace wannan ai yafi wanda nake saye laushi, zai kai sati a sito? Nace zai kai in ba'a barshi a rana ba kuma a rufe. Biredin ya tashi da kyau, cikin shi da taushi har washegari, a cincin ma da matar shi ta saka a kwaɓi ya bada garas-garas. Samfurin mai riɗin ne Alhajin yace a'a, kwastoma zai ce an canza masa biredi, sai dai a biskit. Tambayar shi ta gaba kuɗi ce, kuma nan ne gaskiya ƙaramin mai sana'a ba zai iya shi kaɗai ba. Enzayim ɗin ana sake amfani dashi, ni ma na tace na sake zubawa yana aiki, a masana'anta ma cusa shi ake a dogon bututu mai yana ratsawa ba tsayawa na tsawon lokaci, a haka ne kuɗin yake fita. A kwalba-kwalba irin nawa ba zai taɓa yin araha ba.

A babin ƙarshe abun da na rubuta shine haɗin 40 da 60 ya dace da kwaɓi, biredi da kek da biskit, bai dace a cika kasko dashi ana maimaita suya ba, don suya gara olin, ɓangaren man ja mai ruwa-ruwa, wanda dama don haka yafi dacewa. Na kuma dage aka bar wani layi da wani daga cikin masu duba aikin yaso a cire, cewa rashin tirans bai maida man nan magani ba, falmitik ɗin yana nan yadda yake, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce irin wannan kitsen kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin mutum a rana. Yanzu wata ɗaliba a bayana ta ɗauki cigaban aikin, ita da man kaɗanya zata maye gurbin sitiyarin tunda asid ɗin sitiyarik yafi falmitik yawa a cikin shi, na bata ragowar enzayim ɗin da littafin awona, satin nan take fara wanke man.